In Da Rai Da Rabo, To Wanda Ya Rasa Ran Fa?

Tambayar da nake so mu tattauna ta samo asali ne daga aikina na koyarwa, amma ta fi ƙarfin aji. Idan aka ɗauki labarin mutanen da aka yi wa kisan gilla a lokacin yaƙi, aka yi fim da shi, aka tsara shi yadda mai kallo zai tashi da sanyin zuciya da kyakkyawan fata, shin an yi wa mamatan adalci? Ni kuma malamin da ya zaunar da samari da ƴammata ƴan shekara 17 da 18 ya nuna musu fim ɗin, ya ce su gano masa yadda aka raya fata a cikinsa, me nake koya musu? Gaskiya, ko dabarar kauce mata?

Tarihi nake koyarwa a wata lise a Damagaram. Yaƙin Duniya na Biyu yana cikin darasin masu shirin jarrabawar bak. Littafi ya ce ƴan Nazi sun kashe Yahudawa kimanin miliyan 6. Yaro ya haddace, ya zuba a takardar jarrabawa, ya manta, domin miliyan 6 ba ta da fuska, ba ta da uwa, ba ta jin ƙishirwa. Shi ya sa wasu ranakun Asabar da yamma, in an yi sa'ar wuta, nake haɗa su mu kalli finafinan da aka yi a kan wannan zamani, waɗanda aka juya zuwa Faransanci. Yaran nan sun tashi da tatsuniya da finafinan Indiya da na Kano, inda komai daren daɗewa mugu zai sha kaye, mai haƙuri ya dafa dutse ya sha romonsa. Da wannan tsammani suke zama gaban allo. Masu shirya finafinai a Turai da Amurka ma sun san mai kallo da shi yake zuwa, a ko'ina yake a duniya, kuma ba sa son su sallame shi hannu rabbana.

Abu na farko da nake so ɗalibi ya gane shi ne, fatan da yake ji a ƙirjinsa bayan fim ya ƙare ba daga sama ya faɗo ba. Wani ne ya zauna ya gina shi, kamar yadda magini ke jera tubali. Ya zaɓi mutumin da kyamara za ta bi, ya bar dubu da ba za ta bi ba. Ya zaɓi inda kiɗa zai tashi. Uwa uba, ya zaɓi inda zai ce ƙurunƙus.

Fim ɗin da ya fi nuna wannan a fili shi ne La vie est belle, na ɗan Italiya Roberto Benigni, wanda ya fito a 1997. Rabinsa na farko barkwanci ne da soyayya: Guido, Bayahude mai surutu da raha, ya nemi auren Dora har ya samu, suka haifi ɗa, Giosuè. Sai aka kwashe uba da ɗa a jirgin ƙasa zuwa sansanin ƴan Nazi. Dora, wadda ba Bayahudiya ba ce, ta dage sai an saka ta cikin jirgin ita ma. A sansanin Guido ya shaida wa yaron cewa duk abin nan wasa ne: ana tara maki, wanda ya fara kaiwa maki 1,000 za a ba shi tankar yaƙi ta gaske. Wanda ya yi kuka, ko ya nemi uwarsa, ko ya ce yana jin yunwa, an rage masa maki. Akwai fitowar da sojan Jamus ke karanto dokokin sansani cikin tsawa, Guido da ba ya jin Jamusanci ko kalma ɗaya ya miƙe a matsayin tafinta, yana mayar da kowace tsawa dokar wasa. Duk ajin da na nuna wa wannan wuri sai an yi dariya, dariyar da ke tsayawa a maƙogwaro. A daren ƙarshe Guido ya ɓoye yaron cikin wani akwatin ƙarfe, soja ya kama shi, ya wuce ta gaban akwatin yana tafiyar barkwanci don kada ɗansa ya tsorata, aka kai shi bayan gini aka harbe. Ba mu ga harbin ba, ƙararsa kawai muka ji. Gari ya waye, sansani ya yi tsit, yaro ya fito, sai ga tankar Amurkawa ta shawo kwana. Ya ci wasa.

A nan nake tsayar da su mu warware ginin zare-zare. Tankar da aka yi alkawarinta tun farko ita ce aka kawo a ƙarshe, kamar yadda mai tatsuniya ke ajiye abu a farkon labari don ya ɗauko shi a ƙarshe. Mutuwar uban an kai ta bayan bango. Tarin gawawwaki sau ɗaya aka nuna shi, cikin hazo, yaron kuma yana barci a kafaɗar ubansa. Ba a faɗi sunan sansanin ba, amma a tarihi yawancin Yahudawan Italiya da aka kwashe Auschwitz aka kai su, kuma sojojin Tarayyar Sobiyet ne suka isa can ranar 27 ga Janairu 1945. A can ƙaramin yaro irin Giosuè galibi ba ya kwana: daga jirgi ake ware shi zuwa ɗakin iskar guba. Ɗalibai kan yi shiru idan sun ji wannan, wasu su ji haushin Benigni, kamar ya yaudare su. Ni ba na ganin yaudara ce, tun da fim ɗin da kansa ya gabatar da labarin a matsayin mai kama da tatsuniya. Kuma akwai wuri guda da ya fi kowane gaskiya a cikinsa, wanda yara ba su cika lura da shi ba sai an nuna musu. Wani likita Bajamushe da Guido ya sani tun kafin yaƙi, mai son kacici-kacici, ya gan shi a sansani, ya yi masa alamar yana da muhimmiyar magana. Guido ya sa rai ceto ne ya zo. Da suka keɓe, ashe wani kacici-kacici ne ya hana likitan barci, yake roƙon a taya shi warwarewa. Fuskar Guido a wannan lokaci ita ce fuskar mutumin da ya jingina fatansa a jikin wanda bai ma ga halin da yake ciki ba.

Matsalar da ta fi damuna a wani wuri take. A cikin ɗalibaina akwai waɗanda iyalansu suka gudo daga yankin Diffa tun hare-haren da aka fara kai wa Bosso da Diffa a watan Fabrairu 2015. Su gudun tsira ba a allo suka fara ganinsa ba. Wata daga cikinsu, yarinya marar yawan magana, ta yi tambayar da har yanzu nake juya ta. A fim ɗin an tara sauran yaran sansanin an ce za a yi musu wanka, ba su dawo ba. Giosuè ya tsira ne don ya ƙi jinin wanka, ya ɓuya. Ta ce: "Malam, su sauran yaran, iyayensu ba su iya wasa ba ne?"

Wannan ita ce gubar da ke ɓoye cikin labarin tsira. Idan kyamara ta bi mutum ɗaya, muka ga wayonsa da ƙaunarsa da ƙarfin zuciyarsa, sannan muka ga ɗansa ya rayu, zuciya da kanta za ta ɗaura wannan da wancan: ya rayu ne saboda halin ubansa. Daga nan taki ɗaya ne zuwa cewa waɗanda suka mutu wani abu suka rasa. Mu Hausawa muna da karin maganar da ke tura mu wannan hanya ba tare da mun ankara ba. Muna cewa mahaƙurci mawadaci, muna cewa bayan wuya sai daɗi. Maganganu ne masu kyau ga wanda ke tsakiyar wahala, suna riƙe shi kada ya faɗi. Amma ka gwada faɗar su a kan kabarin wanda ya yi haƙurin har ƙarshe bai ga wadatar ba. Wadda ta fi su gaskiya ita ce in da rai da rabo, domin ita ta yarda akwai sharaɗi. Finafinan nan kuwa labarin wurin da aka tsara don a cire sharaɗin ne.

Saboda wannan tambaya nake bin La vie est belle da Le Pianiste, na Roman Polanski, na 2002, labarin gaskiya na Władysław Szpilman, makaɗin piyano a gidan rediyon Polan. Polanski kansa yana yaro ya kuɓuta daga unguwar da aka killace Yahudawa a Krakow, mahaifiyarsa kuma a Auschwitz ta rasu, wataƙila shi ya sa bai yarda ya mayar da Szpilman jarumi ba. A watan Agusta 1942 an tara iyalinsa gaba ɗaya a filin da ake loda mutane a jirgi zuwa Treblinka. Wani ɗan sanda da ya san shi ya fizgo shi daga layi. Iyayensa da ƴan'uwansa suka tafi, ba wanda ya dawo. Bai fi su wayo ba, bai fi su imani ba, hannu ne kawai ya kai kansa bai kai kansu ba. Sauran fim ɗin mutum ne ke ɓuya daga ɗaki zuwa ɗaki a birnin Warso, yana rama, yana leƙen yaƙi ta taga. Kusa da ƙarshe wani hafsan Jamus, Wilm Hosenfeld, ya same shi a kangon gida yana ƙoƙarin buɗe gwangwanin abinci, ya sa shi ya kaɗa piyano, ya riƙa kawo masa burodi, ya bar masa babbar rigarsa ta sanyi. Szpilman ya rayu har shekarar 2000. Hosenfeld ya mutu a 1952 a hannun Sobiyet, fursunan yaƙi. Alherinsa bai cece shi ba. Fim ɗin ya faɗi haka a rubuce a ƙarshe, bai yi ƙoƙarin lallashin kowa ba.

To ina fata a nan? Yawancin ɗalibai kan nuna kiɗan da ya yi wa hafsan, ko fitowar ƙarshe da yake kaɗawa a babban zaure cikin tufafi masu kyau. Ni wurin da nake mayar da su shi ne filin jirgin nan. Iyalin suna zaune cikin rana suna jiran abin da suka fara zargin ko mene ne. Uban ya tattara ɗan kuɗin da ya rage musu, ya sayi alewa ƙwaya ɗaya a hannun wani yaro, ya ciro ƴar wuƙarsa ya yanka ta gida shida daidai, ya miƙa wa kowa rabonsa. Biyar daga cikin shidan nan ba su kai ƙarshen shekara ba. Alewar ba ta ceci kowa ba. Amma an shirya filin ne don mutum ya koma dabba, ya wawuri abin da ya samu ya haɗiye shi kaɗai, dattijon nan kuwa ya tsaya yana rabo da adalci kamar yana zauren gidansa. A ganina irin wannan ne fatan da malami zai iya koyarwa ba tare da ya ci amanar mamata ba, domin bai dogara da yadda labari ya ƙare ba. Awon da nake ba yara ke nan su riƙa gwada kowace fitowa da shi: da a ce wanda ya yi wannan abu ya mutu bayan minti biyar, abin zai rasa darajarsa? In zai rasa, to daɗin tsira ne muke ji, kuma ba laifi ba ne a ji shi, sai dai a kira shi da sunansa. In ba zai rasa ba, to mun taɓo wani abu dabam. Da wannan awo tafiyar barkwancin Guido a gaban akwati ta tsallake. Tankar ba ta tsallake ba.

La Liste de Schindler na Steven Spielberg, na 1993, ba na daɗewa a kansa, ko da yake shi ne ya fi suna. Oskar Schindler ɗan kasuwa ne, ɗan jam'iyyar Nazi, mai son kuɗi da shagali, wanda ya ƙare da ceton Yahudawa kimanin 1,200 ta hanyar saka su cikin jerin ma'aikatan masana'antarsa. Abin da nake sa ɗalibai su yi lissafi ne kawai: su rubuta 1,200 a gefe ɗaya na allo, su rubuta Yahudawan Polan kimanin miliyan 3 da aka kashe a ɗaya gefen, su tambayi kansu me ya sa aka zaɓi gefen farko a yi fim na sama da awa uku. Sai kuma fitowar da aka tura matan Schindler cikin ɗakin wanka a Auschwitz, aka kashe fitila, suna kururuwa, sai ga ruwa ya zubo maimakon guba. Mai kallo ya sauke ajiyar zuciya. Wannan ajiyar zuciya fa ita nake tuhuma, don a ɗakunan da ke kusa ba ruwa ne ke zubowa ba. Sai dai in yi wa Spielberg adalci: ƴar yarinyar nan mai jar riga, launi kusan ɗaya tilo a tsakiyar fim na baƙi da fari, bai cece ta ba. Mun sake ganin jar rigar a kan amalanken gawawwaki.

Batun inda ake cewa ƙurunƙus kuwa, babu misalin da ya kai na Anne Frank. Yarinyar ta ɓuya da iyalinta a Amsterdam shekara biyu tana rubuta abin da ke ranta. Jimlarta da duniya ta fi sani, wadda ta nuna ba ta yanke ƙauna daga alherin zuciyar ɗan Adam ba, ta rubuta ta ne ranar 15 ga Yuli 1944. An kama su ranar 4 ga Agusta. Ta rasu a sansanin Bergen-Belsen a farkon 1945 tana da shekara 15, kuma cikin mutum takwas da suka ɓuya tare ubanta kaɗai ya dawo. Fim ɗin da George Stevens ya yi a 1959 ya ɗauko waccan jimla ya ajiye ta a ƙarshe, sai ta zama kamar hukuncin da yarinyar ta yanke bayan ta ga komai. Alhali ta rubuta ta ne kafin ta ga jirgin, kafin ta ga sansanin. Ba wanda ya ƙirƙiri maganar, tata ce. Matsar da ita kawai aka yi, matsarwar kuma ta sa mamaciya ta yafe abin da ba a tambaye ta ko ta yafe ba.

Wani abokin aikina, malamin falsafa, ya ce mini in haka ne me zai hana in daina nuna finafinan gaba ɗaya, in nuna musu Shoah na Claude Lanzmann, na 1985, sama da awa tara na shaidar waɗanda suka gani da idonsu, babu kiɗan lallashi, babu jarumi. Hujjarsa tana da ƙarfi, kuma nakan nuna ɗan yanki daga ciki. Amma ban bi shi har ƙarshe ba. Yaron da aka cika wa ciki da baƙin labari zalla ba lalle ya fita da tausayi ba. Sau da yawa yakan fita da cewa ɗan Adam dama haka yake, ba abin da za a iya, wannan kuwa kwanciyar hankali ce ga azzalumi. Kuma Hosenfeld da Schindler ba ƙage ba ne. Share su daga labari don su ƴan kaɗan ne shi ma wani nau'in rage gaskiya ne. Amfaninsu a aji shi ne suna rushe uzurin sauran: in hafsa ɗaya ya iya kawo burodi, to dubban da ba su kawo ba ba za su ce ba hali.

Fim ɗin da nake rufe zangon da shi namu ne na Afirka ta Yamma: Camp de Thiaroye, na Sembène Ousmane da Thierno Faty Sow, na 1988. Sojojin Afirka da Faransa ta ɗiba daga ƙasashen da ta mallaka, waɗanda da yawansu suka yi zaman fursuna a hannun Jamus, an dawo da su wani sansani kusa da Dakar. Suka nemi a biya su haƙƙinsu. Ranar 1 ga Disamba 1944 sojojin Faransa suka buɗe musu wuta. Hukuma a lokacin ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da dama suna ganin adadin ya ninka haka nesa ba kusa ba. A cikin fim akwai wani soja da ake kira Pays, wanda azabar sansanin Jamus ta ɗauke wa magana. Shi kaɗai ne tun farko ya shafa wayar da ta kewaye sabon sansanin ya gane ta. Da dare yana saman hasumiyar gadi ya hango tankoki suna tahowa, ya sauko yana ƙoƙarin faɗakar da ƴan'uwansa, suka ɗauka haukansa ne ya motsa.

Nakan dakatar da fim a nan in tuna musu da tankar da ta shawo kwana a gaban Giosuè. Ƙarfe iri ɗaya, ɓangaren da ya ci yaƙi ɗaya, tsakaninsu ƴan watanni. A can kyauta ce ga yaro, a nan ita ce ajali. Sembène bai ba mu ko ajiyar zuciya ɗaya ba: da safe waɗanda suka rage suna binne ƴan'uwansu, a tashar jirgin ruwa kuma ana loda sababbin ƙurata zuwa Faransa.

Aikin da nake ba su bayan wannan shi ne kowa ya rubuta shafi biyu a kan ko akwai fata a Camp de Thiaroye, ya kafa hujja da fitowa takamaimai. Ajin bara ya rabu. Wasu suka ce babu, kuma rashinsa shi ne mutuncin fim ɗin. Wasu suka nuna yadda sojojin, masu harsuna dabam-dabam da addinai dabam-dabam, suka zauna suka yi shawara da guntun Faransancin bariki har bakinsu ya zo ɗaya. Wani yaro ya rubuta cewa fatan ba a cikin labarin yake ba, yana cikin cewa bayan shekara 44 wani tsohon sojan Faransa baƙar fata, wato Sembène kansa, ya samu kyamara ya faɗi abin da aka so a binne, kuma a ƙarshen 2024 shugaban Faransa ya amsa a rubuce cewa kisan kiyashi ne aka yi. Yarinyar nan ta Diffa ta zaɓi masu haƙa kaburbura da safe. Ta ce ba wanda ya umarce su, ba abin da za su samu, kuma masu bindiga suna nan ba su tafi ba. Na ba ta maki ɗaya da yaron da ya ce babu fata sam, don kowannensu ya nuna mini a allo daidai wurin da ya tsaya.